Nutson da Alasan Bai Ƙarasa Ba

Ranar da Usaini ya je Gashuwa duba matar ɗan'uwansa, ko a mafarki bai zaci zai koma Nguru da kwamfuta a hammata ba. Mutum ne mai sayar da banda a kasuwar Nguru. Kifi ya sani, hayaƙi ya sani, sai kuma ruwa. Wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai madannai, wadda ya ɗaure bayanta da roba.

Alasan, abokin tagwaitakarsa, ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi tun ruwa bai janye daga fadama ba. Matarsa Rahima tana takaba, don haka ta bayan labule suka gaisa. Gwaggonta Fanne, wadda ta zo zaman takabar da ita, tana tsakar gida tana tsinkar yakuwa, amma kunnuwanta duka biyu suna wajensu. Sun gama gaisuwa, ya tambayi 'yar marainiyar, Zulai, aka ce tana barci. Har ya fara laluben takalmansa sai Rahima ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baffan Zulai, ɗan'uwanka fa ya bar mutum a cikin ruwa."

Usaini ya koma ya zauna. Sai ta yi masa bayani. A watannin da ciwo ya kwantar da Alasan, ba fita ba aiki, wani wasa yake yi a kwamfutar ofishinsu. A wasan, jirgi ne ya nutse a tsakiyar teku, mutum ɗaya ya tsira, kai ne mutumin. Za ka yi nutso ka tsinto tarkace, ka ƙera kayan aiki, ka nemi ci da sha, har ka gina gida a ƙasan ruwa. Alasan ya gina nasa, ita kuma tana gefensa tana kallo, har ta haddace lungunan gidan. Ranar ƙarshe da ya taɓa wasan, mutumin nasa yana can cikin wani kogo mai zurfi, iskarsa ta kusa rabi, sai amai ya taso masa. Ya danna ajiye, ya rufe, bai sake buɗewa ba. Yanzu ofis sun aiko cewa a ƙarshen wata za su karɓi kwamfutarsu su goge komai.

Gwaggo Fanne, Allah ya hore mata baki, ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin mai takaba tana zullumin 'yartsanar bature ba, gara Rahima ta ja carbinta. Ita Gwaggo mutuniyar tudu ce, daga Dapchi ta zo, ina za ta gane? Su Usaini kuwa 'yan Dagona ne, 'ya'yan masunci. A garinsu idan mutum ya nutse, kowa ajiye tarunsa yake yi, ba su, ba noma, sai an tsamo shi an kai shi gida. Shi kansa Usaini ya sha yin wannan nutson saboda 'ya'yan wasu. Ya san sarai wasa ne, ba wawa ba ne. Amma tun da Rahima ta faɗi maganar yake jin wani nauyi a ƙirji, kuma ya san ba zai sauka ba sai ya kai mutumin nan gida kafin a zo karɓar kwamfutar.

Rahima ta ja masa kunne. Wasan Alasan rai ɗaya gare shi, idan mutumin ya mutu, shi da gidan duk sun tafi, shi ya sa ita ba ta yi gigin taɓawa ba. Ta ce ya buɗe sabo, irin wanda in ka mutu ake mayar da kai, ya koya a can tukuna. Ta ɗauko tsohon jan farcenta da ta daina amfani da shi, ta ɗiga a kan madannan tafiya, ta turo masa kwamfutar ta ƙarƙashin labule.

Ɗakin Usaini yana bayan rumbun bandarsa, can wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Shi kaɗai ne a ciki, don tun da suka rabu da matarsa bai sake aure ba. Da safe zai kai kwamfutar wurin mai caji, in kasuwa ta lafa bayan la'asar ya karɓo, ya kife kwando ya ɗora ta. Wannan lokacin ne dā Alasan yake kiransa kullum, su yi ta surutun da ba kai ba gindi. Yanzu wayar tana nan a kan tabarma, sai dai in wani dillali ya kira.

Farkon shigarsa abin dariya ne, in da akwai mai yi. Ya tsinci kansa cikin wani ɗan jirgi rufaffe kamar ƙwarya da murfinta. Ya taɓa maus, wato linzamin kwamfutar, sai ga shi yana kallon rufi, ya sake taɓawa sai ƙasa. Ya daɗe yana tunkuyin bango kamar ɗan akuya kafin ya samu tsani ya hau sama. Da ya leƙa sai ruwa gabas, ruwa yamma, ba gaɓa, ba ciyawar kacala, ba ko tsuntsu ɗaya. Bai taɓa ganin ruwan da ba shi da bakin fita ba.

Da ya faɗa ciki kuwa sai ya saki baki. Shi ruwan da ya sani jajawur ne, da hannu ake gani a cikinsa. Wannan garau yake har ƙasa, ga rana tana ratsowa, ga kifaye launi-launi waɗanda ko kakansa bai san sunansu ba. Sai ya raɗa musu na gida. Mai faɗin nan ya zama karfasa, mai gashin baki ya zama tarwaɗa, wani mummuna mai ƙaya ya ce kai ko ba a tambaya kurungu ne. A lokacin ne ya tuna Alasan tsoron ruwa yake yi. Tun suna yara, in taru ya maƙale, Usaini ake ɗaura wa igiya a ƙugu ya nutsa, Alasan ya zauna a kwalekwale yana riƙe da bakin igiyar, in ya ga an daɗe ya fizga. Daga baya Alasan ya yi boko, ya samu aikin ƙidayar tsuntsayen fadama, aikin da ake yi daga tudu da madubin hange. Ashe a kwance yake ta nutson da bai taɓa yi a tsaye ba.

Sannu a hankali hannun Usaini ya faɗa. Turancin da ke fitowa ba ya karanta shi, hotuna yake bi. Ya gane cewa akwai wata na'ura a bangon ɗan jirgin, in ka kawo mata guntun ƙarfe da dutse sai ta ƙera maka abu. Wuƙa ya fara yi, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Sannan takalmin iyo, sannan tulun iska na goyawa a baya. Ya koyi cafke kifi da hannu ya kai wa na'urar ta gasa, ko da yake a ganinsa wannan ba gashi ba ne, cin mutuncin kifi ne, ba itace ba hayaƙi. Wata rana yana cikin tsince-tsince sai mutumin nasa ya faɗi ya mutu haka kawai. Da ya kira Rahima ta ce ƙishirwa ce, ruwan teku gishiri ne, sai an tace ake sha. Mutum a tsakiyar ruwa ƙishi ya kashe shi! Usaini ya yi dariya har da buga cinya, ya waiga zai ba da labari, sai buhunan banda ya gani. Ya tashi ya yi alwala.

Yunwa da ƙishi duk ya shawo kansu. Abu ɗaya ne ya gagare shi, kuma shi ne abin kunyar: nutsewa. Usainin Dagona, wanda in ya shiga ruwa sai mata sun fara salati kafin ya ɓullo, shi ne mutuminsa ke shan ruwa kullum kamar ɗan birni. Yana tsaka da aiki a ƙasa, hankalinsa kwance, sai allon ya yi duhu, shi ke nan. Ya ƙera tulu babba, bai hana ba. Ya zargi kwamfutar, ya zargi maus, ya zargi turawan da suka yi wasan, ya ce wallahi ba su taɓa shiga ruwa ba. Kwanaki suna ta tafiya, tsoro ya fara kama shi, don a wasan Alasan kuskure ɗaya ya isa.

Rahima ce ta gano. Ta kira shi wata la'asar yana cikin wasan, ya buɗe muryar wayar ya ajiye a gefe, suna hira jefi-jefi. Sai ta ji ya yi tsit, tsit ɗin ya yi tsawo har ta zaci layi ne ya yanke, can sai ta ji ya fesar da iska kamar saniya.

"Baffan Zulai, numfashi kake riƙewa?"

Ya ce shi? Ina! Ta ce ya sake nutsawa ya lura. Ai kuwa kan mutumin yana shiga ruwa sai ƙirjin Usaini ya rufe da kansa, ba tare da ya sa shi ba. Abin da ya saba ke nan tun yana yaro. Shi bai taɓa auna iska da ido ba, ƙirjinsa ne ke gaya masa lokacin fita, in kuma ya yi taurin kai mai igiya ya fizge shi. Akwai wani shuɗin zobe a gefen allo wanda ke nuna iskar da ta rage, Rahima ta nuna masa tun ranar farko, amma da ya nutsa sai idonsa ya manne a ƙasa, ya bar wa ƙirjinsa lissafi. Ƙirjin nan kuwa ya fi na mutumin wasan tsawo nesa ba kusa ba. Shi yana jin da sauran iska, bawan Allah ya riga ya shaƙe.

Sanin ciwon bai zama magani ba. Ya yi niyya, ya yi rantsuwa, amma da ruwa ya rufe kan mutumin sai jikinsa ya yi abin da ya saba. Rahima ta ce to ya riƙa magana, mai magana ba ya riƙe numfashi. Kunya ta kama shi, ƙato da shi yana surutu shi kaɗai a ɗaki, maƙwabta su ce rasuwar ta taɓa shi. Amma ya gwada, yana kiran sunayen kifayen da ƙarfi, karfasa, tarwaɗa, kurungu, ga wata karfasar. Abin ya yi aiki. Da ƙirjin ya daina ba shi labari, dole idonsa ya koma kan zoben. Ya yi la'asar guda cur bai mutu ba, ya rasa wanda zai gaya wa, sai ya sayi shayi ya sha a tsaye.

Bai gama murna ba Rahima ta kira ta ce ofis sun matso da ranar, direbansu Babayo zai zo da safiyar Litinin. Usaini bai shirya ba, shi ma ya sani. Bai taɓa sauka zurfin da hasken rana ke ƙarewa ba. Amma ranar Lahadi ya rufe rumbu, ya naɗe kwamfutar a cikin sallaya, ya hau motar Gashuwa. Duk hanya yana kallon shinkafar da aka fara yanka a fadama.

Bayan azahar aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin Rahima, aka kife turmi aka ɗora kwamfutar yadda za ta iya hangen allon ta gefen labule. Gwaggo Fanne ta ja kujerarta nesa, ta juya musu baya, don a san ba da ita ake wannan shirmen ba. Usaini ya goge tafin hannunsa a riga, ya yi bisimilla, ya danna inda Rahima ta ce.

Duhu ne ya fara bayyana. Sai hasken 'yar fitilar da ke hannun mutumin, da bangon dutse ta ko'ina, da wani gurnani daga nesa. Zoben bai kai rabi ba, kuma yana raguwa. Usaini ya daskare. Bai san ina ne sama ba, bai san ina ne ƙofa ba, ƙirjinsa ya rufe gam.

"Yi magana," in ji Rahima.

Ya nemi kifin da zai kira, babu ko ɗaya a wannan ramin. Bakinsa ya buɗe, abin da ya fito shi ne sunan da tun ranar jana'iza bai furta ba.

"Alasan. Kai Alasan, me ya kawo ka nan? Kai da ruwa in ya kai maka gwiwa sai ihu?"

Da ya fara sai abin ya ɓalle. Ya juya mutumin a hankali yana yi masa faɗa, yana ce masa matsoraci, ɗan boko, wanda bai san a gaya wa mutane kafin a shiga rami ba. Can ya hango wata 'yar fitila kore a jikin dutse, gabanta wata, gabanta wata, sun yi layi sun haura. Rahima ta ce Alasan ne ya dasa su, duk inda zai je sai ya jera su tun daga ƙofar gida. Usaini ya bi su. Yana bi yana ba Alasan labari. Ya gaya masa ruwa ya janye, agwagin nan nasa masu zuwa daga nesa sun fara sauka, kacala ta sake toshe mashigin Dagona. Ya gaya masa Zulai ta fara takawa. Ya gaya masa ranar kasuwa ya tsaya sayen hula, sai da ya zo biya ya ga biyu ya ɗauka, ya rasa yadda zai yi wa mai hular bayani.

Suka fito daga kogon, wani abu mai tsawon kwalekwale uku ya gilma ta samansu, inuwarsa ta rufe fitilun. Rahima ta ja numfashi. Zoben ya koma ja, wata ƙara ta fara tashi ɗil-ɗil. Da Usainin makon jiya ne, da ya ce da sauran lokaci. Wannan karon bai tsaya kallon dodon ba, ya danne madannin gaba, yana cewa yi haƙuri, saura kaɗan, riƙe, ga ni nan, ban sake ka ba. Gefen allon ya fara baƙi, baƙin yana matsowa tsakiya. A cikin ɗan hasken da ya rage ya ga ƙofa zagayayya da fitila a kanta. Ya danna.

Ƙarar ruwa ta ɗauke. Aka ji mutumin ya ja doguwar iska, zoben ya ciko ya koma shuɗi.

Ashe Gwaggo Fanne tun ɗazu tana tsaye a bayan Usaini da carbinta a hannu. Ta ce alhamdu lillahi, sannan ta tsargu, ta ce ita ruwa ta zo ɗiba.

Usaini ya zaga gidan a hankali, Rahima tana gaya masa nan ne ma'ajiya, nan ne inda yake tace ruwa, wancan ɗan lambun sai da ya yi ta wahala kafin ya tsiro. Gida ne tsaf, komai a inda ya dace, irin na Alasan. Akwai babbar taga mai kallon teku, da kujera a gabanta, da gado a ɗaya gefen. Ya kai mutumin bakin gadon ya kwantar da shi. Rahima ta nuna masa inda ake ajiyewa, ya danna.

Gwaggo Fanne ta ce, a hankali wannan karon, ai dai gobe za su goge shi duka. Usaini ya ce ya sani, amma a gida za su same shi.

Ya rufe kwamfutar, ya naɗe wayar cajin, ya tura su ƙarƙashin labule. Ya kamata ya tashi, don motocin Nguru ba sa jiran kowa in rana ta yi sanyi. Amma bai tashi ba. Tun da ya karɓi kwamfutar nan kullum yana farkawa da aikin da zai yi wa ɗan'uwansa, sai yanzu ya lura aikin ya ƙare, kuma kaɗaici ya sauko masa fiye da na ranar da aka binne shi. Ya yi gyaran murya.

"Maman Zulai, ko akwai wani abin da ya bari bai ƙarasa ba? Ko mene ne. Ko gyaran katanga ne."

Yana jin ta a bayan labulen tana nema masa, da gaske take nema.

"Babu, Baffan Zulai," ta ce. "Shi ke nan."